Ƙaramar Jakar Ƙugu Ta Shiga Daji: Abin Da Ke Shiga Da Abin Da Ake Bari

Mai shiga daji, ko farauta ta kai shi, ko kiwo, ko ɗiban zuma, ko awon fili, ko yawon buɗe ido irin na Yankari da Gashaka Gumti, kayansa iri biyu ne. Akwai babban kaya na jakar baya, ko wanda aka ɗaure a bayan babur ko a kan jaki. Akwai kuma wanda ke jikinsa. Wahala ta fi zuwa ne bayan an rabu da babban kayan: an jingine shi a gindin bishiya an bi sawu, ko an gangara rafi, ko saniya ta ɓalle an bi ta, sai hanya ta rikice, rana kuma ta yi ƙasa. A wannan lokacin ba ka da komai sai abin da ke rataye a ƙugunka. Don irin wannan lokacin ake haɗa ƙaramar jakar ɗamara, kuma tambaya ɗaya ake yi wa duk abin da zai shiga cikinta: zai taimaka in kai safiya lafiya, ko zai taimaka a gano inda nake? In babu ko ɗaya, wurinsa babbar jaka.

Girmanta kada ya wuce tsawon santimita 15, faɗi 10, kauri 5 ko 6. Nauyinta, bayan an cika ta, kada ya kai rabin kilo. Wannan ba son ƙa'ida ba ne. Jakar da ta yi nauyi tana jan bel ƙasa, tana dukan kwatangwalo a kowane taku, kafin azahar mai ita ya gaji ya kwance ta ya jefa cikin babbar jaka, aikinta ya ƙare ke nan tun ba a buƙace ta ba.

Baduku zai ɗinka maka ita da fatar shanu ko ta akuya mai kauri, kuma ta fi yawancin na kasuwa jure ƙaya. Ka ce masa ya yi mata madaukai biyu a baya, waɗanda bel mai faɗin santimita 4 zuwa 5 zai ratsa, a ɗinke su ɗinki biyu. Madauki mai maɓallin latsawa yana ɓallewa idan reshe ya kama jakar, kuma ba ka jin faɗuwarta a cikin ciyawa. Murfin ya lulluɓe bakin har ya sauko gefe-gefe, ya kulle da ƙaramin ƙarfen bel ko maɓallin fata. Zif yana cijewa da ƙurar hunturu. Abin manna nan mai ƙaiƙayi da ake sa wa takalman yara kuwa yana cika da ƙarangiya ya daina kamawa, ga ƙara idan aka buɗe shi, wadda ta isa ta kori nama. A riƙa shafa wa fatar man kaɗanya kaɗan, in ta jiƙe a shanya ta a inuwa, don rana tana sa ta ƙame ta tsage. Kada ka sayi mai launin kakin soja. A yanayin da ake ciki, wannan launin kaɗai na iya jawo maka tambayoyi a shingen bincike, ko mummunar fahimta a ƙauyen da ba a san ka ba. Sai wurin rataya: a gefe, ta ɗan karkato gaba, inda hannu biyun duka za su kai. Ban da tsakiyar baya, don wanda ya faɗo daga babur ko daga bishiya a kanta, kashin bayansa ne zai karɓa.

Ruwa kafin komai

Yawancin jerin kayan da ake gani a bidiyon masu zaman daji na Turai da Amurka da wuta suke farawa, saboda su sanyi ne ke kashe su. Dajinmu ba haka yake ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40 a yawancin arewacin Najeriya da kudancin Nijar, kuma mai tafiya a ƙasa cikin wannan rana yana iya zubar da gumin da ya kai lita ɗaya a awa guda. Ƙishi yana fara taɓa tunani kafin ya taɓa ƙafa, shi ya sa mai ƙishi ke zaɓar hanyar da ba ita ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Jakar ba za ta ɗauki ruwa ba, don haka gorarka ta kasance a jikinka ita ma, a ɗaya gefen bel ɗin ko a rataye a kafaɗa. Abin da jakar ke ɗauka shi ne hanyar mayar da ruwan tafki abin sha.

Na farko, ƙwayoyin tsarkake ruwa masu sinadarin kulorin, irin su Aquatabs, guda 10, a cikin takardarsu ta azurfa ba a ɓare ba. A nan ake yawan kuskure, domin ƙarfinsu ya bambanta. Ƙarama mai miligiram 8.5 ta lita ɗaya ce. Mai miligiram 67, wadda aka fi rabawa lokacin ɓarkewar kwalara, ta jarka ce mai lita 20. Wanda ya jefa wannan babbar a gorar lita ɗaya da rabi ya haɗa abin da ba zai shawu ba. Ka karanta abin da aka rubuta a jikin takardar tun kana gida. Bayan an jefa, a girgiza, a jira minti 30 cikakku, a ɗan sassauta murfin gorar a kifa ta don ruwan maganin ya wanke bakinta, domin wurin da leɓe ke taɓawa ya riga ya sha ɗanyen ruwa lokacin ɗiba.

Kulorin ba ya aiki sosai a ruwa mai laka, saboda dattin yana cinye ƙarfinsa kafin ya kai ga ƙwayoyin cuta. Tilas a fara kwantar da ruwan. A tace shi da ƙyalle mai saƙa matsattsiya, ninki huɗu, gefen rawani ma ya isa. Sannan a kawo guntun alif kamar girman ƙwayar gyaɗa, a juya shi cikin ruwan na ɗan lokaci a cire, a bar ruwan ya natsu. In babu alif, busassun 'ya'yan zogale suna yin wannan aikin: a ɓare ƙwaya ɗaya ga kowace lita, a daka ta ta yi gari, a dama da ruwa kaɗan, a zuba, a motsa da ƙarfi sannan a hankali, a bar shi kamar awa ɗaya. Lakar za ta taru ta kwanta, sai a tsiyaye na sama. Ƙwaya 6 a ƙulle a leda ba su da wani nauyi. Amma fa ruwan da ya yi garau ba shi ne ruwan da ya tsarkaka ba. Alif da zogale share fage suke yi, sai an bi da ƙwayar kulorin ko an tafasa. Tafasawa ta fi kowace dabara tabbas, minti ɗaya yana ɓararraka ya wadatar, shi ya sa kofin ƙarfe da gora ke zama a cikinsa ya fi na roba. Tacewa da ƙyalle tana da wani amfanin kuma: ita ce ke hana kurkunu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da shi a 2013, amma har yanzu ana samunsa a Chadi, kuma makiyaya ba su san iyaka ba.

Ka sa leda biyu masu kauri masu zif a baki, kowace mai cin lita ɗaya. Ɗaya ta ɗiba ce da kwantarwa, ɗaya ta ruwan da aka gyara, kada a gauraya su. Idan an cika leda, a ɗauke ta cikin hula ko a naɗe ta da riga, in ba haka ba ƙaya ɗaya ta isa. Kuma a ɗebi ruwan daga gaɓa. Shiga tafkin da ba ya gudu har gwiwa shi ne hanyar kamuwa da tsargiya, don ta fata take shiga, ba sai an sha ba.

Sai ƙullin gishiri da sukari na kemis guda 2. Yawanci ƙulli ɗaya na lita ɗaya ne, amma a duba, akwai ƙanana. Kada a rage ruwan don a ji ɗanɗano, haɗin da ya yi kauri yana ƙara zawo. Wanda zai ƙulla nasa, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokali na gishiri, ga lita ɗaya. Alamar buƙatarsa ita ce fitsari ya yi kaɗan ya yi ja, kai na sarawa, tsokar ƙafa na ɗaurewa. Idan kuwa abokin tafiya ya fara magana ba kan gado, jikinsa ya yi zafi rau, to abin ya wuce shan ruwa kawai: a kai shi inuwa, a jiƙa tufafinsa, a yi ta fifita, a nemi hanyar asibiti. Idan ruwa ya yi ƙaranci a yi taimama a bar shi don sha, addini ya ba da wannan sauƙin.

Ƙaya, rauni da maciji

Abin da za ka fi cirowa daga jakar nan, fiye da wuƙa, fiye da laita, matsefata ce. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa suna huda tafin takalmin roba, tsidau yana jiran mai tafiya ba takalmi, kuma ƙayar da ta karye a dunduniya tana mayar da tafiyar awa biyu ta zama ta yini. Ka zaɓi matsefata mai tsinin baki wadda leɓɓanta ke haɗuwa daidai, ka gwada ta da gashin hannunka kafin ka biya kuɗi. A haɗa ta da allura biyu. A ƙona bakin allurar a wutar laita, a bar ta ta huce, a buɗe fatar ta bin tsawon ƙayar, a kama ta a ja ta hanyar da ta shiga. Matsawa da yatsu ƙara tura ta ciki yake yi. Wadda ta nutse kusa da gaɓa, ko ƙayar dabino da ta karye ciki, a bar wa asibiti.

Da matsefatar ake cire kaska: a kama ta dab da fata, a ja a miƙe a hankali ba murɗawa. Ba a ɗiga mata kananzir, ba a ƙona ta da ashana, kuma ba a murtsuke ta da farce, domin kaskar dabbobi tana ɗaukar cututtuka, ciki har da zazzaɓin Kirimiya-Kongo mai sa zubar jini.

Na ɗaure rauni: ƙyallen asibiti mai faɗin santimita 10 wanda ke like a takardarsa guda 4, bandeji mai talewa guda 1 mai faɗin santimita 7.5, filasta kamar mita ɗaya da aka warware daga naɗinta aka sake naɗawa a jikin tsohon katin roba don ta kwanta, da aidin kaɗan a ƙaramar kwalba mai murfi mai ƙarfi, a cikin ledarta ita kaɗai, don in ya tsiyaye zai ɓata komai. Sara da adda ko yankan wuƙa, maganinsa na farko dannawa ne. A ɗora ƙyallen a danne da ƙarfi minti 10 ba tare da ɗagawa don leƙawa ba, duk ɗagawa tana ɓalle gudan jinin da ya fara haɗuwa. In ya jiƙe a ƙara wani a kai. Bayan jinin ya tsaya, a wanke: a cika leda da ruwan da aka gyara, a huda kusurwarta da allura, a matse ruwan ya fita da ƙarfi ya kore ƙasar da ke cikin raunin. Ban da toka, ban da ƙasa, ban da baƙin mai, ban da kashin shanu. Ta nan cutar sarƙewar haƙora ke shiga. Filasta ba ta kama fata mai gumi, sai an goge ta bushe, kuma in aka yanke kusurwoyinta suka yi zagaye ta fi daɗewa. A manna ta a inda takalmi ya fara cizo tun wurin yana ja, kafin ya yi bororo.

Magunguna kaɗan ne. Farasitamol mai miligiram 500 guda 8, babba yana shan biyu duk awa shida, ba ya wuce takwas a yini. Maganin ƙaiƙayi da kumburi irin Piriton guda 4 saboda harbin zuma, rina ko zirnaƙo, da sanin cewa yana sa barci. Sai maganin da kai kanka kake sha kullum, na kwana biyu. Mai asma, abin shaƙarsa ne zai fara shiga jakar, ko da zai kori wani abu.

Maganar maciji tana buƙatar a faɗe ta ɓaro-ɓaro, don a nan ne jakar mutane da yawa ke ɗauke da abin cutarwa. Babu abin da za ka sa a jakar ƙugu da zai kashe dafi. Baƙin dutse ba ya yi, kofin tsotsa da ake tallatawa ba ya yi, reza kuwa sharri ce. Macijin da ya fi kashe mutane a yankinmu kububuwa ce, kuma dafinta hana jini daskarewa yake yi. Wanda aka tsattsaga masa wurin sara an buɗe masa ƙofofin zubar jini da ba za su rufu ba. Saboda wannan dalilin ne kuma ba a ba shi asfirin, ko ibuprofen, ko diclofenac, sai farasitamol kaɗai. Ɗaure ƙafa tamau da igiya ko roba shi ma ba ya tsare dafin, kashe ƙafar yake yi, har ta kai ga yankewa. Abin yi: a matsa daga wurin, a kwantar da mutum, a cire zobe, agogo da takalmi kafin kumburi, a ɗora sanda a jikin ƙafar a naɗe da bandejin nan sako-sako yadda yatsa zai shiga, don kada gaɓar ta riƙa motsi. A zana iyakar kumburin da biro a rubuta lokaci a jikin fatar, ma'aikatan asibiti za su ga saurin hawansa. A ɗauke shi, kada ya taka in da hali. Kada jin sauƙin awannin farko ya ruɗi kowa, saran kububuwa yakan yi shiru sannan jini ya ɓullo a dasashi. Maganin dafi na allura a asibiti yake, irin na Kaltungo a jihar Gombe da na Zamko a ƙasar Langtang, kuma sanin asibiti mafi kusa da ke ajiye shi aiki ne da ake yi tun kafin a bar gida. Idan maciji mai tofi ya fesa wa mutum dafi a ido, a yi ta kwarara ruwa mai yawa nan take, kada a murza.

Tocila tana cikin wannan babin, don kububuwa da kunama da duhu suke fitowa. Ƙarama mai batir ɗaya, da batir na biyu wanda aka manne bakinsa da filasta. A sa guntuwar takarda tsakanin batir da murfi, in ba haka ba za ta kunna kanta a cikin jaka ka same ta a mace.

Wuta

Hanya biyu ta kunna wuta, wadda ba su lalacewa da abu ɗaya. Laita ita ce ta farko, babu abin da ya kai ta sauƙi. Ka ɗauki mai ƙarfen murzawa, ba mai latsawa ba, kuma mai jikin da ake hango yawan gas ɗin. Ka naɗa zare a ƙarƙashin wurin dannawa don kada kaya su danne shi gas ya zurare. Kada a bar ta a rana ko a cikin mota a rufe, tana iya fashewa. In ta faɗa ruwa ba ta mutu ba: a kaɗa ta, a hure, a gurza ƙarfen a jikin wando sau da yawa har ya bushe.

Ta biyu, ƙyastun zamani, sandan ƙarfen nan da ake kankarewa ya zubo tartsatsi. Mai kaurin milimita 8 da tsawon santimita 7 ko 8 ya isa. Ruwa ba ya hana shi aiki, gas ba ya ƙare masa. Sabo yana zuwa da baƙin fenti, sai an kankare shi kafin ya ba da wuta. Kuskuren da kowane sabon hannu ke yi shi ne tura makankarin gaba da ƙarfi, hannu ya je ya watsar da abin da ake so ya kama. A dasa bakin sandan cikin makamashin, a riƙe makankarin cik, a janye sandan baya. Gumi yana cin jikinsa ya mayar da shi gari, don haka a shafa masa mai kaɗan.

Tartsatsi sai da abin kamawa. Auduga da aka shafa wa man Vaseline a waje aka bar cikinta a bushe tana ci minti uku zuwa huɗu. A yage ta ta yi buzu-buzu kafin a ƙyasta. Matsalarta a ƙasar zafi ita ce man yana narkewa ya bi kaya. Dabarar ita ce a yanka bututun roba na shan lemo gunduwa-gunduwa, a cusa audugar, a narkar da bakin biyun da wuta a matse. Guda 6 sun wadatar. Sai yankan tsohon tif na keke, faɗin yatsa, tsawon santimita 10, guda 2. Yana ci ko a jiƙe, ko da yake ba a ɗora abinci sai hayaƙinsa ya wuce, kuma kafin a ƙona shi yana aikin ɗaure kaya. A daji kuma akwai audugar rimi da gashin 'ya'yan tumfafiya. Suna kama tartsatsi nan da nan amma suna cinyewa cikin ƙiftawar ido, sai an cuɗa su da busasshiyar ciyawa da aka murje. Mai tsinkar tumfafiya ya kiyayi farin ruwanta da idonsa. Busasshen kashin shanu yana riƙe garwashi na dogon lokaci. Itacen tinya ba a sa shi a wuta, hayaƙinsa guba ne.

Da damina busasshen itace yana sama, matattun rassan da ba su faɗo ba, na ƙasa ya sha ruwa. A tara kashi uku kafin a ƙyasta komai: masu kaurin tsinke cike da hannu biyu, masu kaurin fensir, sannan masu kaurin babban yatsa. Yawancin wutar da ke mutuwa, ta mutu ne lokacin da mai ita ya tafi neman ƙirare. Da hunturu kuwa matsalar ba kunnawa ba ce, tsarewa ce. A share ciyawa taku biyu ta kowane gefe har a ga ƙasa, a tona ɗan rami, a kashe da ƙasa har hannu ya taɓa tokar bai ji ɗumi ba. Gobarar daji tana cinye abincin dabbobin mutane na rani gaba ɗaya, wani lokacin har da amfanin gonar da ba a kwashe ba.

Wuƙar cikin jaka ƙarama ce mai naɗewa, mai makulli, tsawon kaifinta santimita 7 zuwa 9. Babbar wuƙa da adda suna da kubensu. Wadda ba ta da makulli tana rufewa a kan yatsu idan aka soka ta a itace. A sa guntun sanfefa mai laushi don wasawa. Igiya mita 5 ta nailan mai kaurin milimita 3 ko 4, a ƙona bakinta kada ta warware, da zaren ɗinkin takalmi mita 10 a naɗe a jikin basilla. Takalmin da ya tsinke a tsakiyar ƙarangiya babbar matsala ce, kuma zaren nan ne maganinta. Ba a buƙatar fiye da haka, tunda ɓawon kalgo, na kuka da kaba duk suna ɗaure bukka.

Bargon leda mai ƙyalli, wanda nauyinsa bai wuce giram 60 ba, ya cancanci wurinsa. Daren hunturu a Jos ko Mambila yana sauka ƙasa da digiri 10, ga mai riga ɗaya da ya jiƙe da gumi wannan ba wasa ba ne. Da rana a ɗaure shi sama, gefen ƙyallin na kallon rana, ya ba da inuwa. Ba a huda shi don ɗaurewa, yagewa zai yi. A ƙunsa tsakuwa a kusurwa a ɗaure igiyar a wuyanta.

Hanya, da yadda za a same ka

Wanda ya saba da dajinsu yakan ga kamfas bai da amfani, har sai ranar da hazo ya rufe rana. Wani bincike da aka yi a wani daji a Jamus da kuma saharar Tunisiya, aka wallafa a 2009, ya nuna cewa mutane kan yi ta kewaye wuri ɗaya ba su sani ba idan ba sa ganin rana ko wata. Tauraron arewa ma ba abin dogaro ba ne sosai a wajenmu: a Kano digiri 12 kacal yake sama da ƙasa, kamar faɗin dunƙulen hannu in an miƙa shi, ƙura da bishiyoyi suna ɓoye shi. Ƙaramin kamfas mai ruwa a ciki ya isa, kuma a yankinmu bambancin arewar allurarsa da arewa ta gaskiya ƙanƙani ne, ba sai an yi lissafi ba. A nisanta shi da wuƙa, waya da babur lokacin dubawa. Amfani da shi ba wuya: kafin ka bar titi, ko kogi, ko layin wutar lantarki, ka duba ta ina ka nufa. In ka nufi yamma, komawa gabas za ta fito da kai kan wannan layin ko ta ina. Ga masallaci kuma, alƙibla daga Kano tana wajen digiri 68 daga arewa zuwa gabas.

Usur na roba marar ƙwallo a ciki, a ɗaure da zare a jikin jakar. Maƙogwaron da ya bushe ba ya daɗewa yana kira, usur kuwa numfashi kawai yake so. Busa uku, a saurara, a sake, kuma ku yi wannan yarjejeniyar da abokan tafiya tun a bakin daji. Ƙaramin madubi yana kai haske nesa ƙwarai: a miƙa hannu ɗaya a sa abin da ake nufi tsakanin yatsu biyu, a riƙe madubin kusa da ido, a kai hasken kan yatsun. Waya a kashe ta inda babu sabis, neman sabis ne ke shanye batir. A hau tudu a kunna, a tura saƙon rubutu, ya fi kira wucewa idan sabis ya yi rauni. Lambar gaggawa a Najeriya 112 ce.

Takarda ɗaya a leda, a rubuta da fensir don tawada tana zuba: sunanka, garinku, rukunin jininka, ciwon da kake da shi kamar sikila ko suga, da lambobin mutum uku. Kwafin katin shaida, da katin ƙungiya ga mafarauci. Kuɗi ƙanana da za su biya ɗan acaɓa zuwa gari, don mai babur a ƙauye ba shi da canji. Dabino 5 a ƙulle da kyau saboda kiyashi. Kilishi ya zauna a babbar jaka, gishirinsa da yajinsa ƙishi suke jawowa.

Akwai dazukan da babu jakar da za ta sa shigarsu ta zama hankali a yanzu, irin su Rugu, Kamuku, Kuyambana da Sambisa. A sauran wuraren ma a gaida mai unguwa ko sarkin baka kafin a shiga, a faɗa wa wani a gida inda aka nufa da lokacin da za a fara nema in ba a dawo ba. Inda ake zaman ɗar-ɗar, wutar dare da busa usur suna sanar da kowa inda kake, ba masu nemanka kaɗai ba, sai a auna. A gandun gwamnati kuma akwai dokar wuta da ta makami, kuma wayar tarko a jaka tana iya sa ma'aikatan gandu su ɗauke ka ɓarawon namun daji, don haka a bar ta. A bar zarton waya shi ma, yana tsinkewa da zarar ya yi zafi, da wuƙar nan mai kai goma ta araha wadda babu kai ɗaya mai kaifi a cikinta.

Wajen shiryawa, kowane rukuni da ƙaramar ledarsa: na ruwa, na rauni, na wuta. Bandeji da tocila a sama, allura, kuɗi da takarda a ƙasa, a cusa ƙyallen tacewa a tsakani don kada kaya su riƙa kacau-kacau. Ka gwada ciro bandejin da kowane hannu shi kaɗai, ido a rufe, don hannun da aka fi yanka shi ne wanda ke riƙe itace, kuma wani lokacin na daman ne ke danne jini. Duk abin da aka taɓa a tafiya a mayar da madadinsa a daren da aka dawo. Sannan a zazzage jakar duka sau biyu a shekara, a Mayu kafin ruwa ya sauka da Nuwamba a farkon hunturu. Yawancin magunguna an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, jakar da ke yini a ƙugu kuwa tana wuce haka, saboda haka a sauya su ko da kwanan watansu bai ƙare ba. A duba batir ko ya fara fitar da farin gari, a ja robar tif a ga ko ta tsattsage, a manna guntuwar filasta a bayan hannu a ga ko har yanzu tana kamawa, a kuma hura ledojin ruwan da baki a matse su a saurari inda iska ke fita.